Zoben Sukari a Ɗakin Kawu

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, ko mun ɗaure kaya ko ba mu ɗaure ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma wata Talata da hantsi a gidansa na Maiyama, yana zaune kan tabarma da tabarau a hanci da fensir a hannu. Ina Aliero ana yi mini lodin albasa aka zo aka gaya mini. Na bar buhuna a buɗe na kama hanya.

Ni dillalin albasa ne. Bokona bai wuce firamare ba, rubutu kuma ba sana'ata ba ce. Amma kwana bakwai na yi a zauren nan ina jin abin da masu ta'aziyya ke faɗa, sai na ga in ban rubuta ba za a manta da shi, ko kuma a tuna da shi a karkace, wannan kuwa ya fi mantuwa muni.

Kowa da Kawun da ya zo yi wa addu'a. Tsofaffin da suka yi karatun allo tare da shi sun tuna yaron da ke wanke allo sau biyu kafin su wanke sau ɗaya. Ma'aikata sun zo daga Birnin Kebbi cikin manyan riguna, suka ce sabuwar jiharmu ta yi babban rashi. Gaskiya suka faɗa, ko da yake ban taɓa ganin motar ɗayansu a ƙofar gidan ba yana da rai. Manoman Jandutsi, inda danginmu suka fito, sun zauna a gefe ba su ce komai ba sai amin. Wata tsohuwa kuma ta tako da ƙafa tun daga Sarandosa, ta tsaya a bakin zaure ta ƙi shiga wurin mata sai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Mijina na kawo mashi, ciki ya kumbura," in ji ta. "An ka ce muna shina da maganin sukari. Duk wanda mun ka je wurinshi kahin nan cewa yay yi shina da magani. Shi kaɗai yac ce babu. Shi kaɗai kuma ya sa mu mota ya kai mu asibiti, ya zauna kan benci da mu har likita ya gan mu. Ga mijin nan gida shina noma."

Wannan ya yi mini daɗi. Amma akwai wasu da in sun shafa fatiha sai su rage murya, su saci kallon ɗakin da ke hannun dama in ka shiga gida. Na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Allah dai shi gafarta mashi abin da yab bari a ɗakin can." Na kusa da shi ya ce, "Kai ma ka gani? Ja da baƙi da hwari, a rataye."

Ga abin da ke ɗakin. A jikin azara, da zare, Kawu ya rataye wasu zobba masu girman tafin hannu biyu, an haɗa su da ƙwallon magarya da wayar keke, an shafa wa ƙwallayen fenti, wasu baƙi, wasu ja, wasu fari. Kowane zobe da 'yan hannuwa suna fitowa daga jikinsa. Sun fi talatin. In iska ta shigo ta taga sai su riƙa juyawa a hankali. A ƙasa kuma akwai akwatin ƙarfe cike da littattafai na rubutun hannunsa, kowane shafi da zane mai kusurwa shida da haruffa a gefe-gefe. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga zane mai kusurwoyi da haruffa kewaye da shi, sunan da zai fara zo masa shi ne hatimi. Ban ga laifin kowa ba. Ni ma da na fara gani haka na ɗauka.

Yammacin ranar da aka binne shi, ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya ja ni gefe. Manomi ne, bai taɓa kwana a wajen ƙasar nan ba, kuma ba a rasa shi a sahun farko. Shi ya yi wa gawar wanka. Idonsa ya yi ja.

"Alhaji, in an ka yi addu'ar ukku, kayan ɗakin can wuta za su sha. Na sa an tara kara bayan gida."

"Kawu, aikinsa ne fa."

"Shi na nika tsoro. Shekara nawa ina gani ina shiru don girmanshi. Yanzu shina kwance inda ba ya iya gyara komi. In akwai nauyi cikin abin ga, in rage mashi. Ɗan'uwana na, ba ni barin shi da shi."

Ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, shi ya sa abin ya yi wuya. A akushi ɗaya suke cin tuwo tun da Kawu ya dawo gida. Amma ni na san abu ɗaya: ranar da hayaƙin nan ya tashi, magana ta tabbata. Duk Maiyama da Jega za a ce iyalinsa da kansu sun ƙone kayan tsafinsa. 'Yarsa guda ɗaya da za ta iya bayani tana karatun haɗa magunguna a can kudu, saƙon da muka ba direba ba zai kawo ta kafin kwana uku ba. Saura ni.

Bari in koma baya in faɗi yadda aka yi na sani.

Kawu ya bar gida tun ina goye. Karatu ya kai shi ƙasar Turawa, aiki kuma ya riƙe shi can, a ɗakin binciken magunguna. Ba mu san shi ba sai a hoto da wasiƙa. Ya dawo a shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu tamu jiha, kansa ya yi fari, hannunsa ya soma rawa. Ya ce hannun da ke rawa ba ya aikin kwalba, amma yana aikin alli. Sai ya riƙa zuwa sakandare yana koyarwa ba tare da an ɗauke shi aiki ba.

Mutum ne mai wuyar sha'ani a ƙananan abubuwa. Shayi ba ya sha da sukari. In an kawo masa, sai ya ɗauke ƙwayar daga faranti ya riƙa juya ta a yatsu yana tunani har ta soma marmashewa. Ba ya yarda a ce masa Dakta a gida. Maganar da ta fi yawa a bakinsa kuwa ita ce, "Ban sani ba tukuna." Ka tambaye shi ko damina za ta yi kyau, ban sani ba tukuna. Ka tambaye shi abin da ke sa albasa ta sa hawaye, wannan zai gaya maka har ka gaji. Ka ƙara tambaya ɗaya a kai, ban sani ba tukuna. Ni abin yana ba ni haushi. A sana'armu dillalin da ya ce bai sani ba ya tashi kasuwa.

Da aka tambaye shi aikin da ya yi a can, ya ce neman hanyar yin magani da sukari. Kalma uku mutane suka riƙe, sauran suka bari. Kafin wata biyu labari ya kai ƙauyuka cewa wani ya dawo daga Turai da maganin sukari.

Ni ma da nawa. Wata ranar kasuwar Jega na tsaya ina kallon mai mota da lasifika yana sayar da ruwa a kwalba, wai yana maganin basir da shawara da ciwon baya da rashin haihuwa. Mutane na ture juna. Na ce a raina, wannan ko sunansa bai iya rubutawa ba, ni kuwa ina da Kawu. Washegari na tafi Maiyama da shirina. Na san mai kwalabe, na san mai buga takarda, ina da mota. Za mu sa hotonsa da farar rigar aiki.

Ya saurare ni har na gama, yana juya ƙwayar sukari.

"Mi za mu zuba ciki, Dillali?" Haka yake kirana.

"Abin da ka haɗa mana. Ko da ruwan sukarin ne da ɗan kala, kafin naka ya nuna."

"In an sha bai yi ba hwa?"

"Kawu, sukari ne. Bai taɓa kashe kowa ba."

Ya cire tabarau. "Uwarka mi ad damunta?"

Inna tana da ciwon sukari, shi ne ma ya tsara mata abin da za ta ci da wanda za ta bari.

"Ita za ta hwara saye," in ji shi. "Don hoton yayanta na a jiki. Ta aje na asibiti ta sha naka."

Ya tashi ya fita bakin zaure, ya ɗauko takalmana da hannunsa, ya miƙo mini. Ina da mata biyu da motar kaina a lokacin, ba a taɓa yi mini haka ba. Na karɓa na fita ba sallama. Tun daga cirar albasa har ta yi tsada ban taka gidansa ba. Inna ta yi magana ta gaji.

Shi ya zo. Ina Aliero wajen ruduna, wato gadon karan da muke ɗagawa sama da ƙasa mu jibge albasa a kai iska na shiga ta ƙasa, sai na hango shi ya sauko daga motar haya da jakar fata a kafaɗa. Na tsuguna na gaishe shi. Ya zauna a inuwa kan buhu.

"Laihina na," ya ce. "Na kore ka ban koya maka ba. Wanda bai san abu ba ai sai shi saida shi. Zamna."

Ya buɗe jaka ya fito da zobba biyu irin na ɗakinsa, da wani guntun gungume mai faɗi wanda masassaƙin turmi a Sabon Garin Jega ya fafe masa ramuka uku.

Ya ce jikin mutum gari ne, kowane gida da ƙofarsa, kowace ƙofa da kwadonta. Jiki da kansa yake ƙera mabuɗai yana aikawa ta jini. Wannan ya je ya ce wa ciki ya rage tsami, wancan ya ce wa jijiya ta saki. In mabuɗi ya yi ƙaranci, ko wata ƙofa ta ƙi rufuwa, ciwo ya samu.

"To a ƙera irinsa a ba mutum ya haɗiya mana," na ce.

"An gwada. Da yawansu da irin abin nama an ka yi su. Ka haɗiye, ciki shi ɗauka tsire ka aiko mashi, shi narkar da shi tun bai kai ƙohwa ba. Amma da mun ka duba, duk tsawon mabuɗin nan haƙora ukku ko huɗu kaɗai ka taɓa kwado. Saura duk mariƙi na. Sai mun ka ce, to a sake mariƙi, a dasa haƙoran nan a kai, kowane daidai inda kwado ka jiran shi."

Ya ɗaga zoben. Ya ce wannan siffar ƙwayar sukari ɗaya ce, wadda ido ba ya gani, an girmama ta. Zobe ce mai kusurwa shida. Baƙaƙen ƙwallaye iri ɗaya ne, ja wani iri, fari wani iri, launin don a bambanta su ne kawai, haka masu wannan ilimi ke yi ko'ina a duniya. Tana da hannuwa biyar, kowane da inda ya dosa, kuma ba ta lanƙwashewa yadda ta ga dama. Abin da ya sa suka zaɓe ta ke nan. Ga ta kuma ko'ina, a rake, a dawa, har a albasata.

"Ai ciki yana cin sukari," na ce. Na ɗauka na kama shi.

Ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa. "Kanka na ja, Dillali, asarar boko an ka yi. In ka cika hannuwanta da haƙora, ciki ba ya gane ta. Ko zaƙin ma babu. Ta tashi daga abinci." Ya buga ƙafar rudu da sandarsa. "Wanga kaka saidawa ko albasa?"

"Albasa."

"To cire shi ka zuba ta ƙasa."

"Ta ruɓe."

"Sukari rudu na. Kai kuwa rudu kaz zo mu zuba a kwalba."

Ya miƙo mini zobban biyu ya ce in faɗi bambancinsu. Na juya, na juya. Ni da nake gane albasar da za ta ruɓe daga wuyanta, sai da na daɗe kafin na ga cewa a ɗayan, hannu ɗaya sama ya kalla, a ɗayan kuma gefe. Ya ce in ɗora su a gungumen. Na farko ya zauna, haƙoransa uku suka faɗa ramuka uku, ƙwas. Na biyu haƙora biyu suka shiga, na ukun ya tsaya a iska, zoben yana rawa.

"Shi ke nan aikin da nay yi rayuwata," in ji shi.

Na tambaye shi ina maganin. Ya ce babu. Cikin duk waɗanda suka haɗa, ɗaya ce ta kama ƙofar da suke nema, ita ma kamun wanda ya kwana bai ci ba. Wata kuma ta wuce ta je ta buɗe ƙofar maƙwabci, wadda ba a aike ta ba, ya ce wannan ma ilimi ne. Yanzu da ba shi da ɗakin bincike, a takarda yake yi. Ya zana wadda yake ganin a gwada, ya haɗa ta da magarya ya duba ta kowane gefe, ya kai wasiƙa gidan waya a Jega zuwa ga abokan aikinsa na da. Bayan watanni amsa ta zo. In ba ta kama ba, ya ja jan layi a shafin.

"Kawu, ba ka gajiya?"

"Ina gajiya. Amma duk shahin da nij ja ma layi, wani ba ya sake ɓata shekara a kanshi."

Ranar na raka shi har tasha ina ɗauke da jakarsa. Daga nan duk ranar da na dawo daga kudu sai na biya Maiyama, ya nuna mini sabon zobe. Rabin abin da yake faɗa yana wuce ni. Na tambaye shi ko ya taɓa nuna wa Kawu Ƙarami. Ya ce ya fara sau ɗaya, shi kuwa ya ce, "Yaya, bar ni da garmata," ya tashi. Bai sake ba. Wannan kuskurensa ne, kuma zan faɗa ko da ya rasu: yana da haƙurin koya wa ɗan kasuwa mai taurin kai, amma yana jin nauyin ƙanensa.

Ranar uku, bayan an yi addu'a da safe an raba gumba, mutane ba su watse ba kamar yadda aka saba. Kowa ya ji za a ƙone kayan. Kawu Ƙarami ya sa aka kwaso kayan aka zube kan tabarma a ƙofar gida. Zobban sun cakuɗe da juna, wasu wayoyin sun lanƙwashe. Da na gan su a ƙasa haka sai da na kau da kai.

Limamin unguwa, tsoho ne da ya karantar da rabin mutanen wurin, ya ce a miƙo masa littafi ɗaya. Ya buɗe, ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana juya shafi.

"Wanga ba hatimin da nis sani ba na," ya ce. "Ban ga sunan Allah ba, ban ga na aljani ba. Amma abin da ban sani ba, ba ni wanke shi, ba ni kuma yanke mashi hukunci. Akwai wanda mamaci yag gwada ma abin ga?"

Na yi ciniki da mutanen da ba ma jin harshen juna, na tsaya gaban 'yan sandan hanya da mota cike da kayan da ke ruɓewa, gabana bai taɓa faɗuwa irin na ranar ba. Na miƙe.

"Allah shi gafarta Malam, ni ya nuna wa."

Wani daga baya ya ce, "Dillali? Ai wanga ko dutse an ka ba shi sai shi ce albasa ta." Aka yi dariya. Ban ji haushi ba, gaskiya ce rabi.

Na tona cikin kayan na samo gungumen da zobban nan biyu. Na faɗi abin da Kawu ya faɗa mini a gindin rudu, yadda na iya. Gari da ƙofofi. Mabuɗi da haƙoransa. Tsiren da ciki ke narkarwa. Da na zo kan rudu sai na ga manoman Jandutsi suna gyaɗa kai. Sannan na je gaban Kawu Ƙarami na tsuguna, na ajiye gungumen, na miƙa masa zobban. Ya janye hannu.

"Kawu, magarya ce da wayar keke. Fentin ma ni na sayo masa a Jega."

Ya kalli Liman. Liman ya ce, "Yi bisimilla ka karɓa."

Ya karɓa. Ya ɗora ɗaya, ya yi ta rawa. Ya danna da ƙarfi irin na mai garma, ya ƙi. Ya ɗora ɗayan. Ƙwas. Har na baya sun ji ƙarar. Ya cire ya sake ɗorawa. Ƙwas.

"To ina maganin?" ya tambaya.

A nan ne ɗan kasuwan da ke cikina ya ce in ce yana can Turai ana sha. Ba mai iya ƙaryata ni, kuma da magana ta ƙare. Na tuna takalmana a hannun Kawu.

"Babu."

Aka yi gunaguni. "Shekarun nan duka? Babu?"

"Babu. Ɗaya ta kama, ba ta riƙe da kyau ba." Na ɗauki littafi na buɗe, na riƙa juya shafi ina nuna wa mutane. "Kun ga jan layin nan? Wannan ba ta kama ba. Wannan ma. Wannan ma. Da hannunsa ya ja. Ku duba, masu layi sun fi marasa layi yawa nesa ba kusa ba."

"Waɗanda ba su da layi hwa?" in ji Kawu Ƙarami. "Za su kama?"

Ban shirya amsa ba, ta fito da kanta. "Ban sani ba tukuna."

Wani tsoho cikin abokan allonsa ya ce, "La ilaha illallahu, bakin mamaci!" Wasu suka yi dariya, wasu suka share ido. Liman ya rufe littafin da ke hannunsa, ya goge ƙurar bangon da hannun riga.

"Na tsufa ina ganin masu sihiri," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda yab buɗe littahi don rubuta inda yak kasa ba. Wanga maƙeri na, mabuɗi shika nema ma marasa lahiya. Neman magani kuwa an umurce mu da shi. A maida kayan ga inda an ka ɗauko su."

Kawu Ƙarami bai tashi ba. Yana riƙe da zoben da ya zauna, hawaye na bin gemunsa. "Muna ci akushi guda ina zarginshi a zucci," ya ce. "Ban tambaye shi ba. Yaya, ka yahe mani." Shi da kansa ya tsince su ɗaya-ɗaya, yana miƙe wayoyin da suka lanƙwashe. Karan da aka tara bayan gida, mata suka kwashe suka dafa abincin baƙi.

'Yar Kawu ta iso rana ta shida. Taubashiyata ce, ba ma gaisawa sai da tsiya, amma ranar kuka muka fara yi. Da ta huta aka ba ta labari, ta sa na maimaita mata bayanin da na yi. Ta saurara ta ce, "Ba laifi, mai warin albasa. Hannu na huɗu ka kira na uku, amma ba wanda ya mutu." Ta kwana biyu tana karanta littattafan. Ta ce akwai shafuka marasa layi da ya kamata su kai hannun waɗanda ke da ɗakin bincike, kuma ita za ta kai. Ni na shirya kayan. Na sa zobban a kwanduna, na shimfiɗa ƙaiƙayi tsakaninsu yadda nake yi wa albasar da ta fi kowace daraja, na ɗora su gaban mota kusa da direba, ba a baya ba.

Abu uku Kawu Ƙarami ya hana a tafi da su: gungumen da zobban nan biyu. Suna zaurensa yanzu, kan wani ɗan benci. Duk baƙon da ya zo, kafin a kawo masa ruwa sai ya gwada. Ya miƙa masa mai rawa tukuna, ya bar shi ya sha wahala, sannan ya miƙa masa ɗayan. Bayaninsa ya sha bamban da nawa, ya sa garma da kunyar gona a ciki, ban gyara masa ba. Kwanan baya ina zaune wani mai sayen dawa ya ɗora, ya ji ƙwas, ya ce, "Ikon Allah. To maganin mi na?"

Kawu Ƙarami ya karɓe zoben, ya hure shi, ya mayar wurinsa.

"Ba a sani ba tukuna," ya ce. "Amma yayana yay yi shi."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya kai aikinsa hannun wanda zai ƙarasa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.